Ra'ayinmu: Albashin SANED a Madina da Rumbunan da Aka Fasa a Gida

Daga nan Madina muka kalli hotunan da suka riƙa yawo a wayoyinmu a makon ƙarshe na watan Oktoba: jama'a sun yi cincirindo a Jos da Kaduna da Legas, sun ɓalle rumbunan kayan tallafin korona, kowa ya saɓa buhun da ƙarfinsa ya iya ɗauka. Wasu daga cikinmu sun ce ɓarna ce, wasu suka ce talaka ne ya karɓi haƙƙinsa da hannunsa. Wannan mujalla ba ta goyon bayan fasa rumbu, kuma ba za ta koma goyon bayansa ba. Amma abin da ya fi damun mu ya girmi wannan gardamar. Ta yaya abincin da aka tara domin yunwar watan Afrilu ya kai watan Oktoba yana kulle? Me ya sa ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu ba ta da wata hanyar isa ga ma'aikacin da aikinsa ya tsaya, sai ta buhu da tirela da jerin gwano?

Mu da muka yi kullen a wannan birni mun ga wata hanyar daban. Ya kamata mu faɗi abin da muka gani, da alherinsa da giɓinsa, domin a cikin giɓin nan 'yan'uwanmu Hausawa suka faɗa.

A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara da masu ziyarar Masallacin Annabi (SAW). Wanda bai zauna a Madina ba zai yi wuya ya gane ma'anar wannan. Abincin birnin nan a jikin baƙo yake: otal-otal na Markaziyya, shagunan dabino, motocin da ke kai alhazai Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, masu wanki, masu gidajen abinci. Cikin makonni kaɗan duk suka yi tsit. Ranar 28 ga Maris aka killace wasu unguwanni, ciki har da Ƙurban da Shuraibat, sannan ranar 2 ga Afrilu aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Makka da Madina baki ɗaya.

Washegari, 3 ga Afrilu, Sarki Salman ya ba da umarnin ware Riyal biliyan 9 domin biyan kashi 60 cikin ɗari na albashin 'yan ƙasa masu aiki a kamfanoni masu zaman kansu, na tsawon wata uku, ba tare da abin da mutum ɗaya zai samu ya wuce Riyal 9,000 a wata ba. An ƙiyasta cewa ma'aikata miliyan 1.2 ne suka cancanta. Kamfanin da ke da 'yan ƙasa biyar ko ƙasa da haka an ɗauke masa dukansu, wanda ya fi haka kuma an ɗauke masa har kashi 70 cikin ɗari. Sharaɗin shi ne ma'aikacin ya ci gaba da zama a rajistar kamfanin, ba a sallame shi ba. A farkon Mayu kuɗin suka fara faɗawa asusun mutane a banki, daga baya kuma aka tsawaita shirin, musamman ga ɓangarorin da suka fi jin jiki.

Mutane da yawa a gida, in an ba su wannan labari, sai su ce ai Saudiyya ce, kuɗi gare ta. Kuɗin na nan, ba musu. Sai dai abin da ya sa aka iya biya cikin wata guda tsari ne da aka gina tun kafin a san da wata cuta mai suna korona. SANED inshorar rasa aiki ce da ta fara aiki a 2014 a ƙarƙashin hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, GOSI. Zuwa shekarar 2020, kowane wata ana cire kashi 1 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 1. Saboda haka ranar da annoba ta zo, hukumar ta riga ta san sunan ma'aikacin, ta san inda yake aiki, ta san albashinsa, abin da ya rage kawai shi ne lambar asusun da za a zuba masa. Ba a kafa kwamitin rabo ba, ba a nemi mai unguwa ya kawo sunaye ba, ba wanda ya tsaya a rana. Haka Ingila ta yi da nata shirin na biyan kashi 80 cikin ɗari na albashi, har Fam 2,500 a wata: ta bi ta rajistar harajin albashi da take da ita tun tuni. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma SANED ta 'yan ƙasa ce kaɗai, alhali fiye da kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a Saudiyya baƙi ne. Baƙon da ke da iƙama, abin da ya samu shi ne sabon tanadin da ma'aikatar ƙwadago ta fitar a watan Afrilu, wanda ya ba mai aiki damar rage albashi daidai da raguwar lokacin aiki, ko tura ma'aikaci hutu, da biya ko babu biya. Mun san wani bawan Allah ɗan Katsina, direban motar ziyara, da ya shekara fiye da goma a wani kamfani a nan. Shi da abokin aikinsa ɗan ƙasa rana ɗaya suka ajiye makulli. Abokin ya ga kuɗinsa a waya cikin azumi. Shi kuwa aka ce ya tafi hutu har sai alhazai sun dawo, kuma a shekarar da aka taƙaita aikin Hajji ga 'yan dubbai daga cikin mazauna ƙasar, kowa ya san ranar dawowar ba kusa take ba. Kuɗin da yake aika wa iyayensa a gida suka yanke a daidai lokacin da su ma aka kulle su.

Wannan ma mai takarda ke nan. A ƙasansa akwai 'yan'uwanmu da ake kira takari, waɗanda ba su da iƙama, ko ta mutu ba a sabunta ba: matan da ke aikatau a gidaje, da masu sayar da ɗan abinci, da masu tura keken tsofaffi. Waɗannan ba su cikin rajistar kowa. Gaskiya ta sa mu faɗi cewa ranar 30 ga Maris hukuma ta sanar da yi wa kowa maganin korona kyauta, har da wanda ya saɓa dokar zama, kuma ƙungiyoyin agaji da maƙwabta sun raba abinci a unguwannin da aka killace. An kyauta. Amma magani da kwalin abinci ba sa biyan kuɗin haya. Mu ɗalibai da alawus ɗinmu na wata bai tsaya ba, mun tsinci kanmu a wani matsayi da ba mu saba da shi ba: ɗan abin da muke ƙorafin ba ya isa, shi ne ya zama abin da wasu magidanta suka riƙa bugo waya suna tambaya ko za a iya ragar musu. Daga 1 ga Yuli kuma harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, wanda ke kan kowa, da wanda ya samu SANED da wanda bai samu ba.

Mun tsaya a kan wannan ne domin a gida kusan kowa takari ne a idon tsarin gwamnatinsa. Ɗan A-Daidaita-Sahu, da ɗan dako a Singa, da tela a Fagge, da yaron shago a Kantin Kwari, da mai ga-ruwa, da malamar makarantar kuɗi da ake biya hannu da hannu: duk 'yan ƙasa ne, amma babu wata hukuma da ta san abin da suke samu ko ta inda za a kai gare su. Nijeriya ba ta da inshorar rasa aiki. Hukumar NSITF tana karɓar kashi 1 cikin ɗari daga masu ɗaukar ma'aikata bisa dokar 2010, amma domin diyyar rauni ko mutuwa a bakin aiki. Dokar fansho ta yarda wanda ya wata huɗu ba aiki ya ciri kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa, wato ya ci guzurin tsufansa tun yanzu.

Da wannan shirin muka shiga kulle. An ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, Kano ta biyo baya a tsakiyar Afrilu, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya sa mata kulle gaba ɗaya. Abin da gwamnatin tarayya ke da shi a hannu shi ne rajistar matalauta ta ƙasa mai gidaje miliyan 2.6, wadda Shugaban ya ba da umarnin a faɗaɗa zuwa miliyan 3.6. Ma'aikatar jin ƙai a ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta raba Naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da ke cikin shirin. A cikin Mayu hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoton cewa mutum miliyan 82.9 ne ke cikin talauci. Ko da an ɗauka kowane gida mutum shida ne, rajistar da aka faɗaɗa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba. Kuma akasarinta mutanen karkara ne, alhali kullen ya fi kama mai hannu-baka-hannu-ƙwarya na birni, wanda jiya yake ciyar da gidansa, yau aka hana shi fita.

Shirin da ya fi kama da SANED, wato asusun ceto ƙananan masana'antu na Naira biliyan 75, sai a watan Satumba aka buɗe shi, wata biyar bayan kullen. Ya yi alkawarin Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata na wata uku ga ma'aikata 500,000, da Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi 333,000. Tunanin mai kyau ne, muna kuma fatan ya kai ga masu shi. Sai dai ɓangaren albashin ya buƙaci rajistar kamfani ta CAC da lambar BVN da cike takarda a intanet, kuma mai karatu ya fi mu sanin shaguna nawa ne a Sabon Gari za su iya cika waɗannan. Ba za a ce rashin kuɗi ne kaɗai ba. Farashin mai ya faɗi, gaskiya ne, har aka rage ma'aunin kasafin kuɗi daga Dala 57 zuwa 28 a ganga. Amma a watan Afrilu Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Nijeriya rancen gaggawa na Dala biliyan 3.4, attajiran CACOVID kuma sun tara biliyoyin Naira. Da aka fasa rumbunan, gwamnoni suka ce wasu kayan ana jiran rabo ne, wasu kuma an ajiye su domin zagaye na biyu na cutar. Ko an yarda da bayanin nasu, shi kansa shaida ne cewa hanyar buhu ba ta da sauri, kuma tana bi ta hannuwa da yawa kafin ta kai ga tukunya.

Idan misalin Saudiyya ya yi mana nisa, ga Togo. A watan Afrilu ta fito da shirin Novissi domin masu sana'ar da ba ta da rajista. Mutum ya danna lamba a ƙaramar wayarsa, ya shigar da lambar katin zaɓensa, wanda sana'arsa ke rubuce a rajistarsa, kuɗi su shigo masa ta waya: Sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji. Fiye da mutum rabin miliyan suka samu a zagayen farko. Shirin yana da nasa giɓin, tunda marar katin zaɓe ya fita. Amma Togo ba ta da rijiyar mai. Ta duba rajistar da take da ita ne, ta yi aiki da ita.

Birnin da muke zaune ma ya taɓa ganin irin wannan rana. A shekarar yunwar nan ta 18 bayan Hijira, da ake kira Shekarar Toka, mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Halifa Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, abinci ya zo daga Sham da Masar, ya naɗa mutane a kan kowane sashe na gari suna kawo masa rahoto, ya kuma sa aka ƙirga masu cin abincin. A zamaninsa ne aka kafa Diwani, littafin sunayen masu haƙƙi a baitulmali. Malamanmu a gida sun fi son ba da labarin yadda ya haramta wa kansa man shanu har jama'a su ƙoshi. Muna roƙon su riƙa haɗawa da labarin ƙirgar.

Abin da muke nema daga 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Arewa, shi ne dokar inshorar rasa aiki, ko da za ta fara da ƙaramin kaso, a ɗora ta kan rajistar NSITF ko ta fansho da ake da su. Wannan zai rufe masu albashi kawai, kuma su ne 'yan tsiraru. Aikin da ya fi nauyi na jihohi ne. Kano tana da ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi da na masu sana'a waɗanda suke karɓar kuɗin mambobinsu kullum, jihar kanta kuma ta san yadda take samun ɗan A-Daidaita-Sahu ranar karɓar haraji. A haɗa waɗannan sunaye da lambar waya da asusu tun yanzu da ba a rabon komai, domin rajistar da aka rubuta ranar rabo sunayen 'yan jam'iyya take cika da su. Duk abin da aka biya kuma a wallafa adadinsa mazaɓa mazaɓa, yadda ɗan jarida ko ɗalibi zai iya zuwa ya tantance.

Mu ma da ke nan ba mu fita ba. Lokacin kulle mun tara abin da muka iya, muka raba ta hanyar wanda ya san wane, kuma mun tabbata akwai gidajen da suka fi buƙata da ba mu ji labarinsu ba sai bayan an buɗe gari a watan Yuni. Daga 1 ga Nuwamba masu Umara daga waje sun fara dawowa kaɗan kaɗan, amma direban nan na Katsina har yau bai koma bakin aiki ba. A taronmu na gaba za mu gabatar da shawarar asusun gaggawa na dindindin, da gudummawar wata-wata daga kowane mamba, da wakili a kowace unguwa da Hausawa ke zaune, wanda zai san gidajen ba tare da ya rubuta abin da zai jefa marar takarda cikin matsala ba. Muna kira ga likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a 'yan gida da ke aiki a Jidda da Riyad da Dammam su shigo ciki, domin alawus ɗin ɗalibi kaɗai ba zai riƙe asusun ba.