FURA BA ƘWALLO BA CE

Yau na ɗan ajiye maganar littattafai, domin akwai abin da ya tsaya mini a maƙoshi tun bayan ƙaramar Sallah, kuma na ga idan ban amayar da shi ba, ba zan samu sukuni ba.

Ɗan ƙanwata ne ya dawo hutu Funtuwa daga makaranta, ya same ni da wata takarda mai zane kamar reshen bishiya, ya ce, "Kawu, muna so ka zama ɗaya daga cikin alƙalanmu." Na ce alƙalan me? Ya ce gasar fura. Wai shi da abokansa na majalisa sun zaɓo masu fura goma sha shida a cikin gari, za a sayo ta kowa, a jefa ƙuri'a, a haɗa su biyu-biyu irin na sili-ɗaya-ƙwale. Wadda aka kayar ta fita, wadda ta ci ta wuce gaba, daga sha shida zuwa takwas, zuwa huɗu, zuwa biyu, har a fitar da zakara. Na yi dariya na ce wasan yara ne, na bi su. Da na san inda wasan zai kai, da ban zauna a kan tabarmar nan ba.

Da na tambaye shi inda suka samo wannan dabara, sai ya ce a intanet. Can Amurka akwai gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake yi duk watan Maris, wadda a 1985 aka kai ta ƙungiyoyi 64, kowa ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida. Son wannan gasa ya sa mutanen can ke ɗaukar jadawalinta su ɗora a kan komai, musamman giyar da ƙananan masana'antu ke dafawa, su yi ta kurɓa suna fitar da gwani. Mu nan ba mashaya ba ne, Jihar Katsina ma tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, don haka yaranmu suka zubar da giyar suka riƙe jadawalin, suka zuba fura a ciki. A ganinsu sun tsarkake abin. Ni kuwa na ce a jadawalin nan ma akwai cuta, kuma zan faɗi dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, harshen ɗan Adam ba raga ba ce da ake ƙirga ƙwallayen da suka shiga. A ƙwallo idan an ci biyu da ɗaya, ko makaho ya ji sakamako ya san wanda ya yi nasara. A ɗanɗano fa? Ka ɗauki alƙalai uku da abin sha uku. Na farko ya fi son fura, sai kunun zaƙi, sai zoɓo. Na biyu ya fi son kunun zaƙi, sai zoɓo, sai fura. Na uku ya fi son zoɓo, sai fura, sai kunun zaƙi. Haɗa fura da kunu, fura ta ci biyu da ɗaya. Haɗa kunu da zoɓo, kunu ya ci biyu da ɗaya. To ka ce fura ce sarauniya ke nan? Haɗa ta da zoɓo ka gani, zoɓo zai kayar da ita biyu da ɗaya! Kowanne ya kayar da wani, wani ya kayar da shi. Wanda aka ajiye a gefe ya jira wasan ƙarshe, shi zai ɗauki kofi. Ma'ana, mai zana jadawali shi ne ya naɗa zakara, alƙalai 'yan rakiya ne. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Condorcet ya bayyana wannan sarƙaƙiya tun 1785, lokacin da yake nazarin yadda ake zaɓe.

Ko da a ce kowa ya yarda da wadda ta fi, jadawalin ba ya iya gaya maka ta biyu da ta uku. A gasar mutum sha shida da aka jefa ƙuri'a, sau bakwai cikin sha biyar gwani na biyu yana faɗawa ɓangare ɗaya da na farko, a fitar da shi kafin wasan ƙarshe. Kusan rabi ke nan. Baturen Ingilan nan Lewis Carroll, wanda aka fi sani da labaran yara alhali malamin lissafi ne a Oxford, ya yi ƙorafi a kan haka a 1883 game da gasar tanis. Shekara ɗari da arba'in da 'yan kai, mu kuma yanzu muka tsinci abin muna murna.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, kurɓi ɗaya ba sha ba ne. A daren nan kofin roba ƙarami aka riƙa miƙo mana, ka kurɓi wannan, ka kurɓi wancan, ka ɗaga hannu. Karawa goma sha biyar, kofi talatin. Kafin a kai rabi harshena ya mutu, ai idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A irin wannan hali abin da ya fi zaƙi da sanyi shi ke tsaya maka a baki. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. Daga 1975 Pepsi ta riƙa ba mutane kurɓi biyu ba tare da suna ba, da yawa suka riƙa zaɓen nata, wanda ya fi zaƙi. Coca-Cola ta yi nata gwajin kurɓi a kan mutane masu ɗimbin yawa, ta canza haɗinta a watan Afrilun 1985, ta ƙara zaƙi. Jama'a suka yi ca, cikin kwana 79 ta dawo da tsohon. Abin da baki ke so a kurɓi ɗaya daban, abin da ciki ke so a kwalba guda daban.

To haka aka yi mana. Akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, mutuniyar wajen Malumfashi ce da aure ya kawo ta Funtuwa, tun ina firamare nake shan furarta. Gero take surfawa da kanta, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta dafa, ta kirɓa a turmi har ta yi danƙo, ta mulmula ta barbaɗe da gari. Idan aka dama ta a ƙwarya da nonon Fulani mai tsami, ka sa ludayi, za ka ji gayan yana faɗa maka a baki, yajin kuma sai ya sauka maƙoshi sannan yake magana. Wanda ya sha ta da hantsi ya tafi gonar auduga ko masara, sai La'asar zai tuna da abinci. Ƙuri'a ta haɗa ta a zagayen farko da furar wani shago da ake markaɗawa a inji da yogot da madarar gari da sukari da ƙanƙara. Alƙalai biyar, huɗu suka ɗaga wa ta shago hannu. Ni kaɗai na tsaya wa Inna. Ta shagon nan ita ta je har ƙarshe ta ɗauki kofi.

Ba ni da faɗa da mai shago, neman halalinsa yake, furarsa kuma tana da daɗi a ranar zafi. Faɗana da abin da ya biyo baya ne. Kafin gari ya waye jadawalin ya zagaya wayoyin samari ta WhatsApp, an ja jan layi a kan laƙabin Inna, an rubuta "ta fita a zagayen farko". Matar nan ba ta san an yi gasa ba, ba ta sa kanta ba, ba wanda ya nemi izininta. Bayan makonni na je saye, sai na ji furar ta canza. Na ce, "Inna, yau kuma sukari a cikin furar?" Ta ce, "Ɗan nan, jikata ce ta ce yara sun ce tawa ba ta da daɗi, an ma rubuta a waya. Ni da me zan ci da marayu?" Wallahi kunya ta hana ni gaya mata ina cikin alƙalan.

Ku dubi halin da masu wannan sana'a suke ciki kafin ku mayar da su abin wasa. Shekarun nan satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun tarwatsa rugage, sun hana manoma da yawa zuwa gona. Nonon da Fulani mata ke kawowa gari ya yi wuya, gero ya yi tsada. Matar da ta jure duk wannan tana kirɓa fura irin ta iyayenta, ladan da za mu ba ta shi ne jan layi?

Na san abin da za a ce mini. Ɗan ƙanwar tawa ma ya faɗa: "Kawu, ai sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gasa tana sa kowa ya gyara." Gaskiya ne, ba na ƙin gwaji. Bahaushe ya san gasa tun kafin a haifi Amurka, ga dambe, ga kokawa, ga sukuwa. Amma ɗan dambe shi ke shiga fage da ƙafarsa, ana kuma haɗa shi da sa'ansa, idan ya faɗi yau ya dawo gobe. Gyaran da wannan gasa ta jawo kuwa mun gan shi: kowa ya ƙara sukari. Idan aka yi ta sau uku, fura goma sha shida za su koma fura ɗaya a kwano goma sha shida.

Abin takaicin ma shi ne mun kwaikwayi Turawan a inda suke wasa, mun bar inda suke da gaske. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai ɗari ba, kusan duk ɗanɗanonsu ɗaya. Mutane suka gaji, ƙananan masu dafawa suka taso, har adadin ya haura dubu tara a 2022. Wato duk yunƙurin nasu na neman yawan iri ne. A babban bikinsu da aka fara a Jihar Kolorado a 1982, alƙalai ƙwararru kan raba abin rukuni-rukuni, a auna kowanne da irinsa. Ba na yaba abin da suke sha, ina nuna yadda suka mutunta ƙaramin mai sana'a ne. Mu kuwa ko hatsinmu wasu ne suka san darajarsa. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antun kudu suka koma kan dawa, irin su kaura da farafara da ake nomawa a Arewa. Dawa ta tafi a buhu, ta dawo mana a kwalbar lemon malt, mu saya da tsada muna taƙama, mai kunun zaƙin da ke bakin tasha kuwa muna yi mata kallon ƙauyanci.

Saboda haka ga shawarata ga samarinmu, tun da na ga hannunsu na ƙaiƙayin shirya abu. Idan za ku yi, ku gayyaci masu sana'ar da kansu, wadda ta yarda ta zo. Ku raba: furar turmi da 'yar'uwarta, furar inji da 'yar'uwarta, kunun tsamiya daban, na kanwa daban, na gyaɗa daban, na aya daban. A sha a ƙwarya, a ƙoshi, kada a wuce iri uku ko huɗu a zama ɗaya. Ku sa tsofaffi da manoma da direbobi cikin masu ɗanɗanawa, ba 'yan makaranta kaɗai ba. Maimakon jan layi, ku rubuta abin da kowace ta fi a kai: wannan yaji, wannan danƙo, wannan tsafta, wannan riƙe ciki. Ku tambayi tsofaffin yadda suke haɗawa ku adana, domin ranar da irin su Inna suka kau, ba littafin da za ku buɗe ku samu. Mu marubuta ma da laifinmu: jarumanmu kullum suna buɗe firji suna shan lemon kwali, da wuya ka ga wadda ta dama fura.

Jiya na koma wurin Inna na ce ta riƙa ware mini ƙwallo biyar kullum, irin na da, ba sukari. Ta dube ni ta ce, "Kai ma ka ga abin da aka rubuta?" Na ce na gani, Inna, kuma ƙarya ne. Ɗan ƙanwata na gefe yana riƙe da ƙwarya, bai ce uffan ba. Ya ce zai amsa mini a rubuce, ni kuma ina jira, fili a buɗe yake gare shi da duk mai ja.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.