Kasimu Yero da Darajar Murya

Ranar 3 ga Satumba 2017 Allah ya yi wa Kasimu Yero rasuwa a Kaduna. A ta'aziyyar da aka yi ta rubutawa a lokacin, kusan kowa ya ambaci fuskarsa da barkwancinsa a Karambana, da fitowar da ya yi a matsayin Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn na gidan talabijin na NTA. Duk gaskiya ne. Amma a ganina abin da ya bambanta wannan Bazazzagi da takwarorinsa muryarsa ce, kuma ita ce muka fi yin sakaci da ita wajen yabonsa.

Wanda ya kalli Magana Jari Ce a talabijin ya san abin da nake nufi. Littafin Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, an gina shi ne a kan aku mai ba da labari, wato a kan baki da kunne. Mayar da irin wannan littafi wasan kwaikwayo yana bukatar mutumin da ya san inda zai ja numfashi, da inda zai sassauta murya har mai sauraro ya matso. Kasimu ya san wannan. Hausarsa ta mutumin da ya tashi a gindin Kufena ce, mai nauyi, ba gaggawa, kuma idan ya juya zuwa Turanci ba ka jin ya sauya riga.

Dalilin da ya sa na tuna da shi a wannan makon shi ne wani ɗan wasa na ƙasar Jamus, Christian Brückner, wanda aka haifa a 1943. Jamusawa ba su cika kallon fim ɗin waje da rubutun fassara a ƙasan allo ba. Sake ɗora murya ake yi da Jamusanci. Tun shekarun 1970 Brückner ne ke magana a bakin Robert De Niro, har ta kai Bajamushe da ya ji De Niro da muryarsa ta asali yakan ji kamar baƙo ne. Suna kiransa da laƙabin da ke nufin “Murya” kawai. Ya fito a fina-finai da fuskarsa, amma da murya ya yi suna, ya karanta littattafai masu yawa don masu sauraro, ya ma kafa kamfanin irin waɗannan littattafai mai suna Parlando. Can, aikin murya sana'a ce mai suna da lada.

Mu ma yanzu muna da wannan sana'a, sai dai ba mu yarda da ita ba. Fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa a Kano, irin na Algaita, sun shiga kowane gida daga Zariya har Maraɗi. Yara suna kwaikwayon salon maganar masu fassarar a filin ƙwallo. To amma mutum nawa ne cikinmu zai iya faɗin cikakken sunan wanda ke magana a bakin jarumin? Mu masu ilimin boko mun fi son mu yi musu dariya, mu ce suna ɓata harshe, suna cusa barkwancin da babu shi a asalin fim. Wani lokaci hakan na faruwa, ban musa ba. Sai dai daidaita jimlar Hausa da motsin leɓen wanda ke magana da Hindi ko Telugu aiki ne mai wuya, kuma waɗannan samari sun koya wa kansu shi ba tare da wata makaranta ba.

Abin da nake so in gani ƙarami ne. A rubuta sunan kowane mai murya a ƙarshen fim, kusa da sunan jarumin da ya ara wa baki. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, da ke Samaru, ya ɗauki horar da murya da fassarar fim a matsayin darasi na musamman, ya kuma tattara abin da ya rage na faifan Kasimu Yero don ɗalibai su saurara da ido a rufe.