Littafi Mai Hoto Ba Shiririta Ba Ne

Jama'ar Sabo, mu daina ƙwace wa yara littafi mai hotuna muna cewa wasa ne. Yaron nan Hausa yake yi a gida, Yarabanci a titi, a aji kuma a jibga masa Turanci, baƙi zalla. To ina zai kama? Sai dai hadda irin ta aku.

Mu yaya muka koyi karatu? Malam ya biya, kunne ya ji, ido na kan allo, yatsa na bi. Turancin ma haka yake so: yaro ya ga hoton akuya, ya ji sunanta a waya, sannan ya karanta.

Wanda ya faɗi Turanci a WAEC, jami'a ta rufe masa ƙofa. Mu rage kuɗin kati, mu saya musu littattafan nan.