So Ne Ko Farauta?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani fim na Indiya da nake so mu yi shawara a kansa, sunansa Darr, watau Tsoro. Yash Chopra ne ya shirya shi a 1993. Labarin mutum uku ne. Ga yarinya, Kiran, ga saurayin da ta zaɓa, Sunil, hafsan sojan ruwa, ga kuma Rahul wanda ya ƙwallafa rai a kanta ba da saninta ba. Rahul ya dame ta da waya dare da rana, ya zana sunanta a ƙirjinsa da wuƙa, ya kashe abokinsa don ya ɗora masa laifin. Da aka ɗaura aure ya bi ango da amarya har Suwizalan, can Sunil ya harbe shi.

Ni a Inugu aka haife ni, ina da dangi a Anacha da Fatakwal, kuma na kalli fim ɗin tare da samarin unguwarmu. Abin da ya dame ni shi ne, Rahul suke yi wa tafi, shi suke tausayi. In ka tambaye su, sai su ce ai so ne ya kai shi. Gaskiya Shah Rukh Khan ya iya wasa, amma iya wasa ba ya mayar da mugu mutumin kirki. Ina so a wurin wanda yarinya ke rawar jiki in ta ji muryarsa? Wannan farauta ce.

Wani zai ce fim ne kawai, don nishaɗi aka yi shi, kuma ai mugun ya mutu a ƙarshe. Haka ne. Amma yaro ba ya riƙe mintin ƙarshe, abin da ya sha kallo tun daga farko shi ne ke zauna masa a rai, watau nacin mutumin da aka ƙi.

Mu da ke zaune a Kudu abin ya fi shafarmu. A unguwanninmu, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa, samari da yawa sun zo neman kuɗi ne, iyayensu na can Arewa, ba mai tsawata musu. Yarinyar da saurayi zai matsa wa kuwa, wataƙila 'yar maƙwabci ce mai wani harshe da wani addini. In ya wuce gona da iri, ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Hausawa sun yi. Zaman nan da amana aka gina shi. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu, ya zama magajin garinsu na farko. A 1966 kuma zaman ya ɓaci, har 'yan Arewa suka kwashe kayansu suka bar Gabas. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi wasa da mutuncin 'yar maƙwabcinsa ba.

Akwai darasi ma kusa da mu. Cikin ƙananan littattafan da aka riƙa sayarwa a kasuwar Anacha akwai wasan kwaikwayo na Ogali A. Ogali, Veronica My Daughter, na 1956. Shi ma mutum uku ne: yarinya, da saurayinta, da attajirin da ubanta ya zaɓa mata. Abin da wasan ya koyar shi ne a ji ta bakin yarinya. To, in ba a yarda uba ya tilasta ta ba, ina dalilin da za a yarda saurayi ya tilasta ta?

Ban ce a hana kallo ba, hani sai ya ƙara wa yaro kwaɗayi. Shawarata ita ce, mu da za mu riƙe alli gobe mu riƙa tambayar yaranmu abin da suka kalla. Mu ce musu, da kai ne Kiran, yaya za ka ji? Da ƙanwarka ce fa? Mu koya wa maza cewa in yarinya ta ce ba ta so, magana ta ƙare, haƙuri kuwa ba ragwantaka ba ne. Mu koya wa mata su kai ƙara wurin iyaye ko malami tun abin bai yi nisa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.