Gyara Daban, Ƙari Daban

Wannan magana ta shafi malaman ofis da malaman makaranta, domin su ne su ke rubuta wa masu sana'a takarda. A ce wani maƙeri a Boɗinga ya ƙago injin sussukar gero, ya nemi takardar haƙƙin ƙirƙira don kada kowa ya kwaikwaya sai da izninsa. A cikin takardar neman akwai bayanin injin, akwai kuma da'awa, watau iyakar abin da ya ce nasa ne, kamar yadda manomi ya ke shuka gamba a iyakar gonarsa.

Akwai yarjejeniyar ƙasashe a kan wannan, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1970, Nijeriya ta shiga a 2005. Wanda ya bi ta wannan hanya, sai masu bincike su duba takardun duniya, ko wani ya riga shi, su aiko masa da rahoto. Daga nan yana da wata 2, ko wata 16 daga ranar nemansa na farko, duk wanda ya fi nisa, ya gyara da'awarsa. Sharaɗin ɗaya ne: kada gyaran ya wuce abin da ya bayyana tun farko.

To, rahoto ya zo, ga shi wani a Indiya ya daɗe da yin irin haƙoran injin nan. Kafin nan kuwa maƙerinmu ya liƙa wa injin fanka mai sheƙe ƙaiƙayi, abin da babu shi a bayanin farko. Sai ya so ya cusa fankar da sunan gyara. In maganar ta je gaban mai jarrabawa, zai ajiye gyaran gefe, ya rubuta rahotonsa kamar ba a yi shi ba, ya faɗi dalili.

Wasu za su ce an ƙware shi. Mu dai a ganinmu an yi daidai. Darajar takardar nan duka tana ga ranar da aka shigar da ita. In wani a Shagari ya shigar da tasa fankar a tsakani, sa'an nan aka bar na Boɗinga ya ɗora sabon abu a kan tsohuwar rana, ai an matsa iyaka cikin gonar maƙwabci ke nan da dare. Bugu da ƙari, abin da aka rubuta shi aka bincika, fankar kuwa ba wanda ya duba ta. Kuma ba a rufe masa ƙofa ba: yana iya rage da'awarsa, fankar kuwa ya nema mata takarda dabam da ranarta.

Lalle abin yana da nauyi ga wanda ba ya rubutu, balle a ƙasarmu. Dokar 1970 ba ta sa Magatakarda, wanda ofishinsa ya ke Abuja, ya bincika ko abu sabo ne ba. Tsarin takarda ya ke dubawa, ya ba da haƙƙi na shekara 20, in an yi jayayya sai kotu, tana kuwa iya rushe shi. Saboda haka malamin da aka roƙa ya rubuta, ya tafi maƙera da kansa, ya zana kowane sashe, ya tambayi maƙerin abin da ya ke shirin ƙarawa, kafin takarda ta bar Boɗinga.