Waiwaye: Gas ɗin da Ivanpah ke ƙonawa kafin rana ta fito

A watan Fabrairun 2014 aka buɗe tashar lantarki ta Ivanpah a hamadar Mojave da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Madubai sama da dubu 300 ne ke tattara hasken rana suna haska tukwanen ruwa da ke kan hasumiyoyi uku, ruwan ya tafasa, tururinsa ya juya injin. Ta ci dala biliyan 2.2, ƙarfinta megawat 392, kuma kowa ya kira ta tashar hasken rana.

Sai dai tukunyar da ta kwana cikin sanyin hamada ba ta tafasa da hantsi don kanta. Dole a ƙona gas a ɗumama ta, haka ma idan gajimare ya gitta. A watan Agustan shekarar, hukumar makamashi ta jihar ta amince a ƙara wa tashar gas da kusan kashi 60 cikin 100. Kafin shekarar ta ƙare, hayaƙin da ta fitar ya kai kimanin tan 46,000.

A nan maganar doka ta shigo. Tun 2002 Kalifoniya ta wajabta wa kamfanonin rarraba wuta su sayi wani kaso na lantarkinsu daga rana, iska da makamantansu, a 2018 kuma aka ɗaga kason zuwa 60 cikin 100 nan da 2030. Ƙa'idar jihar ta ce muddin gas bai wuce kashi 2 ba, ko 5 bisa wasu sharuɗɗa, duk wutar da tasha ta bayar mai tsabta ce. Ivanpah ta tsallake wannan siraɗi, domin gas ɗin da ake ƙonawa da dare, lokacin da injin ba ya ba da wuta, ba ya shiga lissafi. Wannan ne ke damuna. Iskar da jama'a ke shaƙa ba ta san dare ko rana ba.

Surki ba baƙon abu ba ne a wannan hamada. Daga 1984 zuwa 1990 kamfanin Luz ya gina tashoshin hasken rana tara a Mojave, jimillarsu megawat 354, kuma ƙa'idar tarayya da ta biyo bayan wata dokar makamashi ta 1978 ta yarje musu samun har rubu'in makamashinsu daga gas. Ban ga aibun wannan ba. Gas ɗin ne ya ba su damar ba da wuta a lokacin da ake tsananin buƙata, kuma an faɗi adadinsa a fili. Mai sayar da nono idan ta gaya maka yawan ruwan da ta surka, ta rage kuɗin daidai da haka, ba ta cuce ka ba.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a kori duk tashar da ke haɗa rana da mai daga cikin doka. Yin haka zai kashe ayyuka masu amfani. Abin da ya dace shi ne a auna abin da rana ta bayar a ba shi ladansa, a auna duk man da aka ƙona, dare da rana, a cire shi.

Mu ma tambayar na tafe gare mu. Dokar lantarki ta Najeriya ta 2023 ta tanadi wajabta samarwa da sayen wuta mai tsabta, alhali yawancin ƙananan tashoshinmu haɗin gambiza ne. Tashar Jami'ar Bayero da aka ƙaddamar a Kano a 2019 faifan sola ce da batura da janareton dizal, duk a layi ɗaya. Kafin hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta lasafta irinta a matsayin mai tsabta, ya kamata a sa mita daban a bakin sola, wata a bakin janareta, a riƙa bayyana litar dizal da aka sha kowane wata.