Babban Aiki Sai da Mai Awo: Darasin Kainji da Ajaokuta

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana damun masu hankali a ƙasar nan, watau yadda ake buɗe manyan ayyuka da tambura da algaita, sa'an nan bayan 'yan shekaru a tarar ciyawa ta rufe su. In an tambayi dalili sai a ce kuɗi ne suka ƙare, ko kuwa ɗan kwangila ne ya ci amana. Lalle waɗannan suna faruwa. Amma mu a ganinmu akwai wata cuta da ta riga su shiga, ita ce rashin mutanen da aka horar, aka kuma ba su iko, don su riƙa auna aiki tun daga ranar da aka sa harsashi har ranar da aka miƙa mabuɗi.

Aikin waɗannan mutane ba boyayye ba ne. Su ne ke rubuta jadawali, su nuna aikin da zai fara da wanda zai biyo, da wanda in ya makara kwana ɗaya dukan sauran sai su makara. Su ne ke ƙiyasta kuɗin kowane sashe, kuma kowane wata su fita da ma'auni su gwada abin da aka gina da abin da aka biya. In an biya rabin kuɗi alhali sulusin aiki kaɗai ke tsaye, su ne za su faɗa tun da wuri. In wani babba ya ce a sake fasali, su ne za su rubuta masa abin da sakewar za ta ci na kuɗi da na kwanaki kafin ya sa hannu. Kowane magini a Kano ko Zariya ya san ba a ɗora azara sai bango ya bushe, mai gida kuwa ba ya biyan kuɗin soro bai ga soro ba. To, wannan ilimin ne aka faɗaɗa don ayyukan miliyoyi.

Mu dubi Kainji. An kafa hukumar madatsun Kwara a 1962, aka fara ginin a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka ba haɗin gwiwar kamfanonin Italiya kwangila, Bankin Duniya kuma ya ba da rance. Hukuma guda ce ke riƙe da aikin, akwai injiniyoyi masu duba ɗan kwangila, masu ba da rance kuma suna neman rahoto a kan kari. Cikin shekarun nan aka yi juyin mulki sau biyu a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, duk da haka aka gama madatsar a 1968. An kuma tashi mutane fiye da 40,000, aka gina musu sababbin garuruwa, har da Sabuwar Bussa, gama jadawalin ya nuna ruwa ba zai jira kowa ba. Ba mu ce aikin ba shi da aibu ba, don an yi gurbin injuna 12 amma 8 aka sa, masu ba da megawat 760. Sai dai abin da aka gina ya yi aiki, ya kuma haskaka gidaje har Jamhuriyar Nijar.

Yanzu mu juya Ajaokuta. An ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya sa harsashi a 1980, da nufin a riƙa samun tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara a matakin farko. Zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100. Wanda ya ji wannan lissafi sai ya ce saura ƙiris. Amma babban tanderun narka tama, wanda shi ne zuciyar masana'antar, shekaru suka yi ta wucewa ba a hura shi ba.

Dalili kuwa a fili yake ga mai lura. Irin wannan tanderu in an hura shi ba a kashe shi yadda aka ga dama, dole tama da kwal da farar ƙasa su riƙa isowa dare da rana. Tamar Itakpe ba ta da ƙarfi sosai, sai an tace ta tukuna. Kwal ɗin da tanderun ke bukata kuwa yawancinsa sai an shigo da shi ta teku, a ɗauko shi zuwa Ajaokuta. Ke nan masana'antar tana jiran ma'adinai, ma'adinai na jiran hanyar jirgi, hanyar jirgi na jiran tashar ruwa. To, hanyar jirgin ƙasa ta Itakpe zuwa Warri, wadda aka fara a 1987, ba a buɗe ta ba sai 2020. Da akwai jadawali guda da ya haɗa waɗannan ayyuka duka a hannun masu iko guda, da an gane tun farko cewa kashi 98 na injuna da aka kafa ba shi ne kashi 98 na ƙarfen da za a narka ba. Wanda ya ɗinka riga bai yi mata wuya ba, ai ba shi da rigar sawa komai yawan zaren da ya ci.

Asarar ba ta tsaya nan ba. A 2004 aka miƙa masana'antar ga wani kamfanin Indiya, a 2008 aka soke yarjejeniyar, aka shiga shari'a, har a 2022 gwamnati ta yarda ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. Mai karatu ya auna da kansa makarantu nawa, asibitoci nawa, rijiyoyi nawa wannan kuɗi zai yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa ita ce rashin cikakken rubutu na abin da aka miƙa, da abin da aka yi alkawari, da wanda zai duba cikawa.

Kada wani ya zaci wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Jamus, duk da shahararta wajen tsari, ta shirya buɗe sabon filin jirgin saman Balin a 2011, ba ta buɗe shi ba sai 2020, saboda yawan sake fasali ana tsakiyar gini da matsalar na'urorin kashe gobara. Wannan ya nuna arziki ba ya maye gurbin awo.

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci, na tarayya da na jihohi, da abubuwa uku. Na farko, kada a sa harsashin wani babban aiki sai an gama fasali, an san tushen kuɗinsa har ƙarshe, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, kowane babban aiki ya sami ofishin awo nasa, wanda ba ya ƙarƙashin ɗan kwangila, a kuma riƙa buga rahotonsa jama'a su gani. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta gyara hanyar ba da kwangila, amma ba da kwangila farkon tafiya ne kawai. Na uku, a kare mai awo in ya faɗi gaskiya. Ma'aikacin da ya san rahoto mai ɗaci zai jawo masa canjin wurin aiki, to, mai daɗi zai riƙa rubutawa har ranar da gini ya tsaya.

Makarantunmu ma suna da nasu kaso. Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin fasaha suna yaye injiniyoyi da masu ƙiyasin gini, amma tushen abin yana firamare, inda yaro ke koyon lissafi da faɗin gaskiya. Malamin da ya koya wa yaro ya rubuta amsar da ya samu, ko da ba ita ake so ba, ya yi wa ƙasa aikin da ba a gani sai bayan shekara ashirin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dukiyar da ake zubawa a waɗannan ayyuka ta talakawa ce, wani sashe kuma bashi ne da jikokinmu za su biya. Haƙƙinsu ne a auna kowane kwabo. Allah ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya, ya ba ma'aikatanmu ƙarfin zuciyar faɗinta, amin.